Kulocin da Baba Ya Ce a Sayo

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu na Gwaram ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin matar Baffa, ƙanen Baba, a can na girma, katanga ɗaya tsakanina da iyayena. In Baba yana da magana da ni, sai ya dubi Baffa ya faɗa, ko da kuwa ina tsugune a gabansa. Ina ƙarami "yaron nan" nake. Da na gama makaranta aka ɗauke ni malamin gona a Birnin Kudu, aka ba ni babur na zagaya ƙauyuka, sai na koma "mai babur". Har na yi aure na haihu ban samu ƙarin girma daga nan ba.

Na san ba ƙi ba ne, haka suka tarar, haka suka yi. Amma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana cin raina, musamman in na ga autanmu ya zauna gwiwa da gwiwa da Baba suna hira har da ƙyaƙyatawa, ni kuwa ina gefe ina jiran Baffa ya fassara mini Hausa zuwa Hausa.

Shekara da shekaru Baba direban babbar mota ne. Tun kafin a ba mu mulkin kai yake ɗaukar gyaɗa daga kasuwanninmu zuwa Kano, ya dawo da gishiri da kananzir. Motocin zamaninsu ba sa shiga giya sai an taka kuloci sau biyu, kuma taka shi aikin ƙarfi ne. Shi ya sa ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama kauri. Kowa ya sani, don shi da kansa yake ɗage wando ya nuna. Yakan ce sitiyari kowa ma ya riƙe, direba a ƙafar hagu yake. Babban alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa sa giya ta yi kuka ba.

Bayan ya dawo daga Makka ya ajiye babbar mota. Lokacin kuɗin mai sun fara zagayawa, an koma tuƙi ta hannun dama, kowa da ya samu abin hannu sai ya nemi ƙarfen hawa. Wani Ba'amurke da ya zo aikin haƙar rijiyoyi zai koma ƙasarsu, Baba ya sayi motarsa. Ban taɓa ganin motar da ba ta dace da garinmu ba kamar wannan. Ƙofa biyu ce kacal gare ta, ga dogon hanci, ga mazaunin baya a matse, duk dattijon da zai shiga sai ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa. In aka buɗe bonet kuwa sai mutum ya ja da baya. Silinda takwas ne, huɗu a wannan gefe, huɗu a wancan, sun buɗe sama kamar gwafa. In ya tayar da ita a ƙofar gida, masu tallan koko a bakin kasuwa sun san Alhaji zai fita. Mai kuwa tana shan sa ba tausayi, amma a shekarun nan ba wanda ke kukan mai. Baba ya ce babbar mota ce aka ɗinka mata ƙananan kaya, shi ya sa jininsu ya haɗu.

Da ita yake zuwa kasuwar Sara, da ita yake duba gonarsa ta wajen Zandam. In mace ta sha wuyar naƙuda, ko maciji ya sari wani a gona, ƙofarmu ake bugawa, ya kai su asibitin Birnin Kudu. In za a je gaisuwar mutuwa wani gari, liman da masu unguwa su cusa kansu a baya. Motar nan ita ce ta hana Baba zama tsohon da ke zaune a dakali yana jiran a wuce a gaishe shi. Ya tsani dakali. Sa'o'insa da suka koma can yakan ce sun mutu, wanka ne kawai ba a yi musu ba.

Wata kaka, bayan an gama yankan dawa, kulocin ya tafi. Injin yana gurnani, motar tana rarrafe, ga wani ƙauri yana tasowa daga ƙarƙashi. Da ƙyar aka lallaɓo ta zuwa Birnin Kudu, garejin da ke bayan tasha. Bakaniken wani Kirista ne mutumin kudancin Zariya, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa kaifi, kuma tun Baba yana babbar mota shi ke yi masa gyara. Da yake ni ne a garin, ni na riƙa leƙawa in ga yadda aikin ke tafiya. Ranar da ya sauke akwatin giya, ya nuna mini faifan kulocin. Ya cinye har ƙusoshinsa sun fito, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi.

"Malam, wa ke koyon tuƙi da motar Alhaji?" in ji shi.

"Ba kowa. Ba mai taɓa ta sai shi."

Ya juya faifan a hannunsa. "Ƙafar da ta cinye wannan ba ta kai shi ƙasa, ba ta kuma sakin sa gaba ɗaya. A tsakiya take tsayawa tana rawa." Ya ɗago ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai ya shiga goge hannu da tsumma. 

Abin da ya faɗa ba sabo ba ne gare ni, sai dai ban taɓa haɗa shi da mota ba. Wanda ba a yi masa magana yakan koyi kallo. Na daɗe ina ganin Baba a masallaci, in an zauna tahiya yana zame ƙafar hagu gefe a ƙarƙashin riga, in an miƙe shi ne na ƙarshe. Na ga ya fara ɗora tafin hannu a gwiwa in zai taka kuloci, na ɗauka sabon salo ne. Sau ɗaya ma na ji giyar ta yi kuka a ƙofar gida, ya yi sauri ya bi ta da tari.

Bakaniken ya ce kuloci iri biyu ne zai shiga motar. Akwai mai tauri, wanda ake sa wa ƙananan motocin kaya na Amurka. Shi ba ya sulɓewa ko an loda mutane an shiga yashi, amma taka shi sai mai ƙashi. Akwai kuma mai taushi, wanda ƙafa ke hutawa da shi, sai dai injin mai ƙarfin wannan yana iya cinye shi in ba a lallaɓa shi ba. Ko wanne ne, sai an je Kano.

Washegari Baffa ya zo da saƙo. Ya same ni a ofis, ya zauna a benci ya tuɓe takalmi.

"Yaya ya ce ka je Kano da kanka. Ya ce wancan na 'yan birni ne, shi ya sa ya ƙone. A samo masa mai tauri, irin na babbar mota."

Na yi ta maza. "Baffa, ƙafarsa fa?"

"Wace ƙafa?"

"Ta hagu."

Baffa ya mayar da takalminsa. "Ƙafar Yaya lafiyarta lau. Da ita ya ciyar da ku, da ita ya yi mini aure. In kana da maganar ƙafa, je ka faɗa masa da bakinka."

Ya san ba zan iya ba. Hanya ɗaya ce tsakanina da ubana, ita ce Baffa, ga shi ya rufe ta. Ranar na shiga motar Kano raina a ɓace. Na yi fushi da Baffa, na yi fushi da Baba, na yi fushi da duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunyar. Da auta aka aika, da tuni ya ce, "Haba Baba, ka tsufa fa," a zage shi a yi dariya, magana ta ƙare. Ni kuwa aka ɗora mini abin da ba ni da bakin tambaya a kansa.

A Sabon Gari na yi ta yawo da tsohon faifan a naɗe cikin takardar siminti, don dole haƙoran da ke tsakiyarsa su yi daidai da na sabon. Shago nawa na shiga aka girgiza kai, wasu ma suka ce in sayar da motar in sayi irin ta mutane. Daga ƙarshe aka nuna mini wani lungu, wurin wani mai kayan motocin Amurka. Ya ƙirga haƙoran, ya shiga ciki, ya fito da kuloci guda biyu ya ajiye a ƙasa. Ɗaya yatsu uku gare shi masu kauri, ga sifirin a jere a bayansu. Ɗayan yatsunsa da yawa ne, sirara, a zagaye kamar ƙarafan laima.

"In kuka sa wannan," ya nuna mai sirara, "kuka loda mutane kuka shiga yashi, zai sulɓe, ya yi zafi, ya ƙone. Wancan kuwa sai dai motar ta mutu ta bar shi. Direban matashi ne?"

"Dattijo ne."

"To," ya ce, ya ɗaga kafaɗa.

Na roƙe shi ya bar ni in gwada. Na ɗora diddige a kan mai taurin na sakar masa nauyina duka, ko motsi bai yi ba. Na koma kan ɗayan, shi ma bai lotsa sosai ba, amma na ji ya amsa.

Na tsaya a lungun nan na daɗe, masu turin kura suna ta ce mini in kauce. In na sayi mai tauri na bi umarni, ba mai ganin laifina. Amma na san abin da zai biyo baya. Ko dai Baba ya kasa taka shi a gaban jama'ar tasha tun ranar farko, ko ya cije ya yi wata ɗaya ko biyu da shi, sannan ya rufe motar da tamfol ya nufi dakali. In na sayi mai taushi kuma, da ƙafarsa ta taɓa shi zai gane abu biyu: na saɓa maganarsa, kuma na ga abin da yake ɓoyewa. A wurin Baba tausayin ɗa ya fi zagi ciwo. Yana iya yin zuciya ya jefar da makullin, nan ma dakalin ne. Na juya ta ko'ina, ko wace hanya can take ɓullewa.

Ba zan ce wata hikima na yi ba. Diddigena ne ya yanke shawarar. Tun da na taka mai taurin yake zugi, ni da nake ganiyar ƙarfina, kullum ina buga babur. Na ce wa mai shago ya naɗe mini mai sirara.

Da na dawo Birnin Kudu, bakaniken ya kwance ƙunshin, ya duba.

"Ba wannan aka ce ba."

"Shi na samu."

"To, shi ka samu," ya ce. Ya ɗaura shi, ya shafe duk mahaɗin ƙarafan fedar kuloci da giris, abin da ba wanda ya sa shi, sannan ya mayar da akwatin giya. Da aka rufe, ba mai iya ganin abin da ke ciki.

Da hantsi Baba ya zo karɓa, shi da Baffa. Ba a fitar da motar nan daga gareji a ɓoye. Direbobin tasha suka zagaye ta, da 'yan kamasho, da masu sayar da rake. Labari ya riga ya bazu cewa Alhaji ya sa an ɗaura wa ƙaramar mota kulocin babba. Na gaishe shi, ya amsa wa iska kamar kullum. Na koma bayan jama'a na tsaya inda zan iya hango ƙafarsa ta buɗaɗɗiyar ƙofa. 

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗora hannu a gwiwa, ya tattaro ƙarfi ya taka. Fedar ta tafi har ƙasa salin alin.

Ya tsaya haka, ƙafa a ƙasa, ido a kan gilashin gaba, ba abin da yake kallo. Ni kaɗai na san me ke faruwa, sai bakaniken da ya juya baya yana neman sifanar da ke hannunsa. Na ce shi ke nan, yanzu zai fito ya bar mana motar. Ya saki a hankali. Ya sake takawa, amma wannan karon ya ɗaure fuska, ya cije leɓe, har da ɗan nishi. Ya leƙo ya dubi Baffa.

"Ka ce wa mai babur ya kyauta. Wannan shi ne kuloci."

Jama'a suka ɗauki sowa. Wani direban bas mai rawar kai ya matso. "Alhaji, bari in ɗan taka in ji."

"Je ka taka na ubangidanka," in ji Baba, ya ja ƙofa ya rufe. Ya tayar da ita, giya ta shiga ba ko ƙara, suka hau titi. Ni kuma na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Daga ranar Baba ya canza tuƙi. Akwai wani busasshen rafi a hanyar Zandam, yashi ne zalla, da can da gudu yake keta shi da mota cike. Yanzu sai ya tsaya a kan tudu ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, ya ƙetare shi kaɗai a giya ɗaya, ya jira su a can. Liman ya yi ta mita, wai Alhaji ya fi tausayin taya a kan tausayin dattawa. Aka ce tsufa ya sa masa rowa. Ya daina ɗora buhu a but ɗin bayan motar, ya daina jan motar da ta maƙale. Kujerar direba kuwa ta zama haramun ga kowa. Auta, wanda a lokacin ya yi lasin tuƙi yana jan bas tsakanin Birnin Kudu da Kano, ya yi roƙo har ya gaji. Wanki kawai aka yarje masa, shi ma daga waje. In aka tambayi Baba dalili sai ya ce kulocin zai karya wa yaro ƙafa.

Haka ya lallaɓa abin nan damina bayan damina, bai ƙone ba. Ya ci gaba da kai marasa lafiya asibiti, ya ci gaba da zuwa gaisuwa. Duk lokacin da na ji gurnanin motar ta shigo Birnin Kudu ina ofis, sai in ji sanyi a raina. Tsakanina da shi kuwa ba abin da ya canza. Ina nan a mai babur, saƙo yana nan yana bi ta Baffa.

Wata safiya ta kasuwar Sara na zo gida hutu. Baffa da maƙwabta biyu sun riga sun shiga baya, auta ya gama goge gilashi yana tsaye da tsumma. Baba ya tayar da injin, ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya taka. Giya ta yi kuka. Ya sake, ta sake yin kuka, mai tsawo, wanda ba tarin da zai rufe shi. Ya kashe motar. 

Auta ya matso ya miƙa hannu. "Baba, kawo in kai ku."

Baba ya zare makullin. Bai dubi auta ba, ya miƙa shi ta kan kafaɗa zuwa baya. "Ba wa mai babur."

"Shi?" in ji auta. "Baba, ni ne fa direba! Shi motar ofis kawai ya taɓa ja."

 Har yau in mun yi faɗa auta yakan ce a ƙarshe ni aka fifita. Na bar shi a haka. Na san da ƙafarsa ta taɓa fedar nan, da ya fashe da dariya ya faɗa wa duk unguwa, don shi bai taɓa koyon riƙe magana a gaban Baba ba. Na sha tambayar kaina ko yarda ce ta sa aka ba ni makullin, ko kuwa don ni kaɗai ne ba abin da za a ɓoye mini. Daga baya na daina tambaya, don a wurin Baba duk abu ɗaya ne.

Baba ya fito da ƙyar. Ya zagaya ta gaba yana dafa dogon hancin motar, bai yarda kowa ya riƙe shi ba, ya shiga ɗaya kujerar. Baffa ya miƙo mini makulli ta taga. Na zauna. Tun da aka haife ni ban taɓa zama kusa da ubana haka ba, har ina jin ƙamshin turaren rigarsa. 

Na tayar da injin. Ta gefen ido na ga Baba yana kallon ƙafata, mutanen baya ma sun leƙo su ga yadda malamin gona zai ƙare da kulocin babbar mota. Na ɗora ƙafa a kan fedar, taushi kamar yadda na san ta. Sai na ɗaure fuska, na cije leɓe, na taka a hankali har da nishi.

Baba ya mayar da kansa wajen taga. Bai juya ga Baffa ba, bai ce a gaya wa kowa ba.

"Bi shi a hankali," ya ce. "Yana da tauri."

"To, Baba," na ce, na sa giya ɗaya.